Ranar da sanyi ya sake mu: kiɗan jaz da aikin hannu a New Orleans

'Yar Zazzau a Shikago:
Assalamu alaikum 'yan gida. Kwana biyu kun ji ni shiru, tafiya ce ta kama ni. Na je New Orleans da ke jihar Luwiziyana a kudancin Amurka, wajen bikin kiɗan jaz da al'adun gargajiya da suke yi kowace shekara daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Daren jiya na dawo, har yanzu ƙarar ƙaho ba ta bar kunnena ba.

Sai na fara gaya muku halin da na baro, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa hawaye ya zubo mini a filin nan ba. A Shikago tun watan Nuwamba itatuwa ke kakkaɓe ganye, su tsaya ƙyam kamar gobara ta bi ta kansu. A Disamba kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi. Da duhu za ka fita aiki, da duhu za ka dawo. Maƙwabciyata da ƙofarmu ke kallon juna, sai mu yi wata biyu ban ga komai a fuskarta ba sai idanu, saura duk a naɗe. Haka muke kusan wata biyar. To da na sauko daga jirgin ƙasa bayan tafiyar kusan awa 20, iska mai ɗumi ta dake ni a fuska, ga ciyawa shar, ga tsofaffi zaune a ƙofar gida, sai na ji kamar an kwance mini wani ƙulli a ƙirji.

Filin sukuwar dawaki ne ake yin bikin a ciki, sunansa Fair Grounds. Ana buɗewa ƙarfe 11 na safe, a tashi ƙarfe 7 na yamma. Dandamali da rumfunan kiɗa sun fi goma, ga masu zane, masu sassaƙa, masu saƙa, masu ƙira. Amma abin da ya tsayar da ni wani dattijo ne baƙar fata a ƙarƙashin wata rumfa, tabarau a kan hanci, ya ɗaure wani ƙyalle a jikin katako yana ɗinka masa ƙananan duwatsun ado, ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai kai ƙwayar gero biyu ba. 'Yan badujala suka zo wucewa ta bayansa da jama'a na bin su da rawa. Bai ɗaga kai ba, amma wallahi allurarsa da ganga tare suke tafiya. Nan take na ga mahaifina, Allah ya jiƙansa, a zaurenmu cikin birnin Zariya, ya ɗora babbar riga a cinya yana fitar da aska takwas, rediyo na gefe, ƙafarsa na motsi.

Tambayata gare ku: mu muna da irin wannan ranar kuwa? Ranar da yanayi ya juya, mai kiɗa da mai aikin hannu suka fito fili ɗaya?

Ɗalibi a Jamus:
Wa alaikumus salam Anti, sannu da hanya. Bikin bazara ke nan. Nan ma haka suke, da zarar Afrilu ta shigo sai ka ga an fito da kujeru bakin titi, kowa ya miƙa fuska wa rana kamar ƙadangare. Farkon zuwana abin mamaki yake ba ni. Yanzu da na ci hunturu uku a nan, ni ma cikinsu nake zama.

Malam Na Tudun Wada:
Amin, Allah ya jiƙan mahaifinki 'yata. Ɗalibi, kalmar nan da ka yi amfani da ita ina da magana a kanta. Masu fassara sun saba kiran wannan lokaci nasu bazara, don kawai watannin sun zo ɗaya, Maris zuwa Mayu. Amma Bahaushe in ya ji bazara me yake gani? Zafin da ke hana barci a ɗaki, rijiya ta ja baya, rumbu ya yi ƙasa, shanu sun rame, ana tsoron sanƙarau. Wa zai yi bikin shigowar wannan? Abin da ita ta kwatanta, ƙullin da aka kwance mata a ƙirji, mu ranar ruwan farko muke jin sa. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, sai ƙamshin ƙasa, yara su fito tsirara suna tsalle. Su sanyi ke tsare su, mu zafi ke tsare mu.

Ɗan Damagaram:
Malam ya yi gaskiya, sai dai zan ƙara abu guda. Ruwan farko murna ce, amma ba ranar biki ba ce. Washegari kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona, wa ke da lokacin kallon zane? Namu bikin sai kaka, in an ɗaure dammuna an cika rumbu. Lokacin ne ake kalankuwa, a kafa kokawa da dambe, a yi aure. Ko makiyaya a nan Nijar, taronsu na Ingal sai wajen Satumba, ƙarshen damina, bayan dabbobi sun ƙoshi. Mu sai ciki ya kwanta muke kiran makaɗi.

Malam Na Tudun Wada:
Na karɓa. Amma kada ka ce ba kiɗa a damina. Gangar noma fa? Ana gayya, makaɗi na bin bayan manoma yana kiran sunan kowa, fartanya na sauka tare da gula. Abin da ta gani a hannun dattijon nan ke nan. Mahauta da kalangunsu, mafarauta da nasu. Mu ba mu taɓa raba kiɗa da sana'a ba, sai zamanin nan da aka ɗora makaɗi kan dandamali aka ce kowa ya zauna a kujera.

Baban Yara:
Salamu alaikum. Ni dai ba zan ɓoye abin da ke raina ba, Hajiya, kuma ba don in ɓata miki na faɗa ba. Irin wannan taro ba giya? Ba cakuɗuwar maza da mata? Ina mutum zai yi salla? Sannan maganar kiɗan kanta mun san abin da malamai da dama suka faɗa. Ina tsoron yaranmu su karanta su ɗauka komai daidai ne.

'Yar Zazzau a Shikago:
Baban Yara, ba ka ɓata mini ba, kuma ba zan yi maka kwaskwarima ba. Akwai giya, ana sayar da ita a fili. Abincin ma sai ka yi hattara, don yawancin girkinsu na shinkafa da wake da miyar kuɓewar nan da suke kira gumbo, ana jefa naman alade a ciki. Kowace rumfa sai na tambaya kafin in saya, ƙarshe na tsaya kan kifi da jatan lande. Azahar da la'asar na haɗa su a matsayina na matafiya, na shimfiɗa gyalena a bayan wata rumfa, wata mata mai sayar da kwanduna ta tsare mini jaka har na idar. Hukuncin kiɗa kuwa na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba kada ya je. Gaban manyan dandamalin da ake turereniya ni ma ban kusanta ba. Rumfar jaz kujeru ne a jere, mutane na zaune shiru suna saurare, da yawansu masu furfura.

Baban Yara:
To madalla da kika faɗi gaskiya. Ni dai ina nan kan bakana game da kiɗan, amma aikin allurar dattijon zan so in gani.

Mai Zane daga Kaduna:
Anti don Allah ki dawo kan masu zanen. Yaya suke samun wuri? Ana saye kuwa, ko kallo kawai ake yi a wuce?

'Yar Zazzau a Shikago:
Ana saye sosai ƙanina. Ba kowa ke zuwa ya baza kaya ba, sai ka nema tun da wuri, ka tura hotunan aikinka, alƙalai su tantance. Kasuwannin kashi-kashi ne. Akwai wadda suka raɗa wa sunan Congo Square, ta kayan Afirka da na baƙaƙen Amurka, akwai ta masu aikin zamani, akwai kuma wani ɓangare da aka ware wa masu sana'ar gargajiyar Luwiziyana, inda suke yin aikin a gabanka kana tambaya suna amsawa. Sannan tun 1975 kowace shekara akan sa wani mai zane ya zana hoton bikin, a buga shi da lamba, wasu da sa hannu, mutane na tara su.

Wanda ya fi burge ni ma ba a filin yake ba. A tsakiyar tsohon gari akwai dandalin Jackson Square, masu zane na rataye aikinsu a jikin shingen ƙarfen da ya kewaye wurin, 'yan badujala na busa a gefe. Na tsaya kan wata mata tana zana mai busa saksofon, wani abin busa na ƙarfe mai lanƙwasa. Ba ta damu da hancinsa ko idonsa ba. In ya ja dogon sauti sai ta ja shuɗi mai tsawo, in ya yanka gajeru sai ta ɗiɗɗiga ja da ruwan ɗorawa. Kafin su gama ta gama. Da na dubi allon, na rantse sautin na gani.

Mai Zane daga Kaduna:
Kin taɓa mini inda ke mini ciwo. Bara na tara kuɗi wata shida na kama wani zaure na baje zane 22. Aka zo, aka yi jawabi, aka sha lemo, kowa ya zagaya hannu a baya kamar an zo gaisuwar mutuwa, aka watse. Biyu na sayar, ɗaya ma kawuna ne ya saya. Ba wanda ya tambaye ni me ya sa na zana abu kaza. Da na samu mai gurmi ya zauna a tsakiya, na kafa allo ina aiki a gabansu, wataƙila da bakinsu ya buɗe.

Ɗalibi a Jamus:
Amma Malam, jaz ɗin nan da gaske yana da alaƙa da mu, ko dai muna so ne kawai mu ce komai daga Afirka ya fito?

Malam Na Tudun Wada:
Tambaya mai kyau, kuma a yi mata adalci. Jaz a New Orleans aka haife shi wajen farkon ƙarni na 20, jikokin bayi ne suka haife shi da kayan busar Turawa a hannunsu. Nasu ne, wahalarsu ce ta dafa shi. Kada mu je mu ce na Bahaushe ne. Amma saiwar tana wannan nahiya.

Sunan nan Congo Square da ta ambata, fili ne na gaske, yana nan har yau a unguwar Treme cikin lambun da aka sa wa sunan Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon jaz haifaffen garin. Tun garin na hannun Faransa da Sifaniya bayi ke samun hutun Lahadi, suna taruwa su yi ciniki su yi kiɗa. A 1817, bayan Amurka ta sayi Luwiziyana a 1803, hukumar gari ta taƙaita taron nasu a wannan fili kaɗai. A 1819 wani mai tsara gine-gine, Benjamin Latrobe, ya bi ta wurin wata Lahadi, ya ga ɗaruruwan mutane a da'ira-da'ira, ya zana kayan kiɗansu a littafinsa: ganguna, da wani abin kiɗa mai tsirkiya da aka yi da duma. Mai Zane, ka lura, ba na'urar ɗaukar sauti a lokacin. Da alƙalamin mai zane muka san abin da suke kaɗawa. Duk wanda ya san gurmi ko garaya in ya ga zanen nan zai gane danginsu ne. Masana sun fi danganta banjo, abin kiɗa mai tsirkiya na Amurka, da irin waɗannan kayan na Afirka ta Yamma, musamman na yankin Senegal da Gambiya.

A wannan filin aka fara bikin da ta je, a Afrilun 1970. George Wein ne ya shirya, shahararren makaɗin jaz Duke Ellington da mawaƙiya Mahalia Jackson suna wurin, 'yan kallo kuwa wajen 350 kacal. A 1972 aka koma filin sukuwa.

Ga kuma wadda ta fi kusa da gida. Louis Armstrong ya zo Najeriya a 1960, har Kaduna, akwai hotonsa da Sardauna. Sannan Yusef Lateef, babban mai busa saksofon da sarewa, Musulmi, wanda ya tashi a Detroit, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Me ya zo nazari? Har da sarewar Fulani. Mutumin da duniya ke sayen faifansa ya zo ya zauna gaban makiyayi yana koyo. Shi kalmar jaz ɗin ma ba ya son a kira kiɗansa da ita.

'Yar Zazzau a Shikago:
Ikon Allah. Baba Malam, a Zariya aka haife ni, ban taɓa jin wannan ba sai yau.

Ɗan Damagaram:
Ba sai an haye teku ba ma. Birnin Saint-Louis na Senegal na da nasa bikin jaz tun farkon shekarun 1990, masu kora, abin kiɗa mai tsirkiya da yawa na yankin, da masu saksofon kan dandamali ɗaya. Kuma 30 ga Afrilu ita ce ranar jaz ta duniya, UNESCO ta ayyana ta a 2011.

Uwar Marayu ta Zangon Kumasi:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Armstrong mu ya fara zuwa wa, Ankara babban birnin Gana, 1956, kafin 'yancin kai. Amma ni tambayata daban ce, ƙanwata. Jikokin waɗanda suka yi rawa a filin bayin nan, su ne ke cikin filin sukuwar suna kallo, ko su ne ke share shi? Nawa ne kuɗin shiga?

'Yar Zazzau a Shikago:
Yaya, kin tambayi abin da ya dame ni a hanyar dawowa. Tikitin yini ɗaya da na saya ya kusa kuɗin cefanena na mako. Yawancin 'yan kallo baƙi ne daga wasu jihohi, fararen fata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Yanzu fiye da mutum 400,000 ke shiga a shekara, kuma don a cika filin ana gayyato manyan mawaƙan da ba ruwansu da jaz, a 2024 har Rolling Stones suka yi wasa. Direban da ya kai ni masauki haifaffen garin ne, ya ce rabonsa da shiga tun kafin ambaliyar Katrina ta 2005.

Sai dai ba zan zalunce su ba. Gidauniya ce ke da bikin, tana koyar da yara kiɗa kyauta, tana shirya wasu bukukuwan da ba a biyan ko sisi. Kuma bayan Katrina, da rabin gari ke warwatse, an yi bikin a 2006, makaɗan gari suka samu dalilin dawowa gida. Annobar korona ce ta hana shi a 2020 da 2021.

Uwar Marayu ta Zangon Kumasi:
Na ji. Amma dattijon naki mai allura, shi me yake samu?

'Yar Zazzau a Shikago:
Na zauna kusa da shi kusan awa guda, bari in faɗa miki abin da na fahimta. Yana cikin waɗanda ake kira Indiyawan Mardi Gras, wato bikin titi da garin ke yi kafin azumin Kirista. Baƙaƙe ne, amma suna shiga irin ta 'yan asalin ƙasar, suna cewa girmamawa ce ga ƙabilun da suka ɓoye bayin da suka gudu. Kowace shekara mutum zai ɗinka sabuwar riga da hannunsa, da kuɗin aljihunsa: duwatsu, ƙyalƙyali, gashin jimina da aka rina. Shekara guda cur ana ɗinki, bayan an taso aiki, wani lokaci har asuba. Nauyin wata rigar sai ƙato. Ba sayarwa ake yi ba. Za a sa ta ranar Mardi Gras, da daren 19 ga Maris, da wata Lahadi kusa da ita da suke fitowa unguwa gaba ɗaya, daidai lokacin da sanyi ke tafiya. Wannan fitowar a titi take, ba tikiti, ba shinge. In shugabannin ƙungiya biyu suka haɗu, gasar ita ce rigar wa ta fi kyau. Da can faɗa ake yi har da zubar da jini, dattawa irin su Tootie Montana suka mayar da shi gasar allura.

Ya nuna mini yatsunsa, duk sun yi kanta, babban yatsan ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Na buɗe wayata na nuna masa hoton rigar da mahaifina ya ɗinka. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya faɗaɗa hoton da yatsa biyu daidai wuyan rigar, ya daɗe yana kallo. Sai ya tambaye ni wata nawa aka yi ana yin ta. Na ce huɗu. Ya gyaɗa kai. A nan ne hawayen ya zo.

Baban Yara:
Allah sarki. Allah ya kai haske kabarinsa.

Malam Na Tudun Wada:
Amin. Gashin jimina kuma, ku tuna da takalman Sarkin Kano da mafitan da ake yi masa fifita ranar hawa. 'Yata, in Allah ya kai mu baɗi, ki yi ƙoƙari ki je ta Maris ɗin, ta cikin unguwa.

Mai Zane daga Kaduna:
Ni dai na yanke shawara. Ba zan jira bazara ba, ba mai tsayawa kallon zane a zafin Afrilu. Bayan kaka zan yi, ƙarshen Nuwamba, da yamma bayan la'asar, a fili ba a zaure ba. Ina da aboki mai gurmi, akwai wani yaro a unguwarmu da ya koyi saksofon a coci, zan haɗa su su gwada ko za su jitu. Zan nemi masu ɗinkin hula biyu da mai sassaƙa ƙwarya su zo da aikinsu su zauna suna yi.

Ɗan Damagaram:
Ka sa da dukawa. In ka tsayar da rana zan yi magana da masu aikin fata na nan Zinder, ko mutum ɗaya ne ya zo. Amma ƙarshen Nuwamba ƙurar hunturu ta fara sauka, ɗanyen fenti zai kwashe ta.

Mai Zane daga Kaduna:
Na yi tunanin wannan. Zan yi aiki da fentin ruwa mai saurin bushewa, in kewaye gefen gabas da arewa da zana. Anti, ki turo mini hoton yadda dattijon ya ɗaure ƙyallen a jikin katakon, ina so in ga bayan ɗinkin, ba gaban ba.

'Yar Zazzau a Shikago:
Akwai guda uku, ɗaya ya juya mini shi da kansa. Ina fita aiki yanzu, in na taso da dare zan turo.